Direban Cikin Littafi

Shekara goma sha huɗu ya yi yana jan motar makarantar, bai taɓa goga ta a jikin komai ba. Doguwar bas ce mai ruwan ɗorawa, giyarta ta uku sai an lallaɓa take shiga, ƙofarta kuma sai ya miƙa hannu ya ja wata igiya take rufuwa. Yara suna ce masa Baba Direba. Abokan aiki kuwa Tara-da-Rabi suke kiransa, saboda ɗan yatsan hannunsa na hagu da fankar inji ta guntule tun yana koyon kanikanci. Sunan bai taɓa ɓata masa rai ba. In sabon ɗalibi ya zuba wa hannun ido, sai ya ɗaga shi ya ce, "Ƙirga mini. In ka samu goma, yau kai za ka tuƙa mu."

Yana da mata ɗaya da 'ya ɗaya. Yarinyar tun tana ƙarama take ɗaure wa kyanwar gida ƙafa da tsumma, shi ya sa aka laƙaba mata Likita, uwar ta zama Maman Likita, shi kuma a gida Baban Likita.

A cikin malaman makarantar akwai malamar aji uku, wadda yara ke ce wa Anti Ƙarama don ta fi kowa ƙanƙanta. Ita kaɗai take zaune a ɗakin haya can ƙarshen hanyarsa, don haka kullum in ya sauke yaro na ƙarshe ita take saura a motar, littattafan yara a kan cinya tana maki. Ba su cika hira ba. Wani lokaci ta yi masa zancen ciwon ƙafar mahaifiyarta, shi kuma ya ba ta labarin jarrabawar Likita. A bakin wani kemis yake sauke ta, ta shiga lungu da ƙafa.

Wata ranar Litinin ya sauke ta wajen uku da rabi. Ran Talata da safe bai gan ta a bakin kemis ba. Ya yi hon sau biyu, ya jira minti biyar, ya wuce. Ran Laraba aka fasa ƙofar ɗakinta, aka same ta a ƙasa, an shaƙe ta.

'Yan sanda suka tsare shi kwana shida, tunda shi ne na ƙarshe da aka san ya gan ta da rai. Da ba su samu komai ba suka sake shi. Ya koma bakin aiki, iyayen yara har jaje suka yi masa. Magana ta yi sanyi, ba a kama kowa ba.

Bayan shekara biyu wani marubuci ya zo.

Mutum ne mai sanyin murya, da tabarau, da 'yar jaka a kafaɗa. Ya riga ya yi littattafai biyu a kan kashe-kashen da aka yi da gaske, har ana karanta su a rediyo kowace Lahadi da la'asar. Tun daga ƙofa ya cire takalmi, ya durƙusa ya gaida direban ya ce masa Baba, ya ce wa matar Mama.

"Ni abin da ya kawo ni ɗaya ne, Baba," ya ce. "An kashe yarinyar nan, kowa ya koma harkarsa kamar kaza aka yanka. So nake kada a manta da ita."

Maganar ta shigi direban, don shi ma abin da ke cin ransa ke nan. Har lokacin in ya zo bakin kemis ɗin sai ƙafarsa ta nemi birki da kanta.

Sau biyar marubucin ya zo gidan. Yakan ajiye 'yar rikoda a kan tebur, ya ce a manta da ita, kuma da gaske sai a manta. Maman Likita ta fito masa da farantan baƙi da ke cikin kabet. "Yaron nan akwai tarbiyya," take cewa in ya tafi. Wata Asabar direban ya roƙi izini ya ɗauke shi a bas, ya bi da shi hanyar tun daga gareji har bakin kemis, yana nuna masa kujerar da marigayiyar take zama.

A ranar ne, suna tsaye a gefen titi injin a kashe, ya gaya masa abin da bai taɓa gaya wa kowa ba. Wata rana ta mance takardun jarrabawar yara a mota, ya ga washegari za a nema, sai ya bi lungun ya yi tambaya har aka nuna masa ɗakinta, na ƙarshe bayan famfo. Ta fito ta karɓa a bakin ƙofa. Da idon tsohon bakanike ya lura kwaɗon ƙofar ba shi da wani ƙarfi, ya ce mata ta canza, ta yi dariya ta ce me ɓarawo zai ɗauka, jan biro?

"Da na sani da kaina zan sayo in sa mata," ya ce. "Yarinyar kirki ce. Wani lokaci in na hango ta a madubi tana gyangyaɗi, sai in ga kamar Likita ce."

Sai ga hawaye. Marubucin ya miƙa masa hankici, ya dafa kafaɗarsa.

Littafin ya fito bayan wata goma. Ba a kawo musu ba, amma suka ji an fara karanta shi a rediyo. Lahadi ta huɗu mai gabatarwa ya sanar cewa mako mai zuwa za a zo babin direban makaranta. Maman Likita ta kasa ɓoye murnarta. Ta share tsakar gida, ta shimfiɗa tabarmi biyu, ta kira maƙwabta mata su huɗu su zo su ji Baban Likita a rediyo. Ta sa sabon batir. Shi ya zauna a kan benci a gefe yana yi kamar abin bai dame shi ba.

Mai karatun yana da murya mai kauri, yana ja wa kowace kalma rai. Ba a faɗi suna ba. An dai ce wani direba ne mai guntun yatsa a hannun hagu, mai fara'a da yara. Matan suka yi dariya suna waiwayensa.

Sai muryar ta ci gaba. Ta ce direban nan da bakinsa ya gaya wa marubuci cewa yakan kalli marigayiyar ta madubi in sun rage su biyu a mota. Ta ce ya san ɗakinta, na ƙarshe bayan famfo, ko da yake bai taɓa gaya wa 'yan sanda haka ba. Ta ce ya san kwaɗon ƙofar ba shi da ƙarfi. Ta ce wani maƙwabcin marigayiyar, dattijo mai kawaici, ya shaida cewa ya sha ganin direban a lungun. "Da na tambaye shi game da ita, sai ya fashe da kuka," in ji muryar. "Na daɗe ina tunanin wannan kuka. Kukan rashi ne, ko kukan wani abu dabam? Ni ba alƙali ba ne. Na bar wa mai karatu."

Babu wanda ya kashe rediyon. Aka shiga tallar sabulu. Ɗaya daga cikin matan ta ce ta bar tukunya a wuta. Wata ta ce bari ta duba yara. Cikin minti biyu tabarmin suka koma ba kowa sai Maman Likita, tana zaune ta miƙe ƙafa, tana kallon rediyon kamar zai sake magana ya gyara.

Ran Litinin yara bakwai ba su fito ba. Ran Talata wata uwa ta kawo 'yarta har bakin motar, ta leƙa, ta dubi hannunsa a kan sitiyari, ta ja yarinyar suka koma. Ran Alhamis shugabar makarantar ta kira shi ofis, ta rufe ƙofa, ta yi ta jera takardun da ke jere.

"Baba Direba, ni na san ka," ta ce. "Wallahi na san ka. Amma makaranta ta iyaye ce. Ka ɗan huta tukuna, in ƙura ta lafa mu gani."

Ya ajiye mata makulli a kan tebur. Ya je motar ya ɗauko matashin da yake sawa a bayansa da kofinsa na shayi, ya fita ta ƙaramar ƙofa don kada ya haɗu da yara a lokacin tara.

Ya kira marubucin a waya. Sai a kira na uku ya ɗauka.

"Haba Baba, ai ban ambaci sunanka ba."

"Direba nawa ne mai guntun yatsa a makarantar?"

"To amma ban ce kai ne ba. Ka sa a karanta maka da kyau, babu inda na ce kai ne. Kuma akwai abin da na rubuta wanda ba kai ka faɗa ba?"

Madubin, ɗakin, kwaɗon, duk kuwa direban ne ya faɗa.

"Tambaya kawai na yi, Baba. Aikin marubuci ke nan. Ka gaida Mama."

Yayansa ya kai shi wurin wani lauya. Lauyan ya buɗe littafin, ya karanta babin yana bi da yatsa, ya rufe ya ce, "Mutumin nan ya san aikinsa. Babu suna, babu zargi. Alamar tambaya kuwa ba a kai ta kotu."

Daga nan rayuwa ta koma wata iri. Babu wanda ya jefe shi da dutse, babu wanda ya zage shi a ido. Sai dai in ya iso majalisa hira ta canza. Mai shago ya riƙa ajiye masa kaya a kan kanta maimakon ya miƙa masa. Ya nemi aikin tuƙi a wurare uku, duk inda aka ga hannun sai a ce za a neme shi. Ya koyi tafiya da hannun hagu a aljihu. A ƙarshe wani mai tankokin ruwa, wanda ba ya karatu ba ya jin rediyo, ya ba shi tanka ɗaya. Suka tashi daga unguwar suka koma wata mai nisa, ɗaki biyu a bayan wani injin niƙa, inda bango ke rawa tun safe har magariba.

Likita tana makarantar koyon aikin jinya a lokacin. Ta daina zuwa gida duk mako. Da ta fara aiki a asibiti, ya je wata rana ya duba ta da tankarsa, ta fito da sauri ta tare shi tun a bakin get.

"Baba, in za ka zo ka riƙa kirana tukuna," ta ce, tana kallon ƙasa. "Na ce musu kai ɗan kasuwa ne."

Ya ce to. Bai sake zuwa ba.

Amma ba wannan ne ya fi yi masa ciwo ba. Wata rana da hantsi, a shekara ta biyu da fitowar littafin, Maman Likita tana ninke wanki, ta juya masa baya, sai ta ce, "Ranar da ka kai mata takardun nan, me ya sa ba ka gaya mini ba?"

Ya dube ta. Shekara ashirin da shida suna tare.

"Ke ma?" ya ce.

Ta saki rigar da ke hannunta ta durƙusa tana kuka, tana cewa ya yafe mata, bakinta ne ya kuɓuce, ita ta san mijinta. Ya ɗaga ta, ya ce ya wuce. Bai sake tayar da maganar ba, ita ma haka. Amma tun daga ranar ta riƙa yi masa hidima fiye da kima, kamar mai biyan laifi, shi kuma ya riƙa gode mata a kan abin da da ba ya gode mata. Ta daina fita. Hawan jini ya kama ta. A shekara ta huɗu ta faɗi a bakin murhu, kwana biyu a asibiti ta cika.

A shekara ta shida aka kama wani mutum a kan wani kisa dabam. Da bincike ya matsa shi, ya amsa har da na Anti Ƙarama, ya kai 'yan sanda inda ya binne wayarta da ɗan kunnenta. Ƙanin mai gidan hayar ne, wanda ke riƙe da makullan ɗakuna. Shi ne dattijo mai kawaicin da ya shaida wa marubucin cewa ya sha ganin direban a lungu.

Direban yana layin ɗiban ruwa wani abokin aiki ya nuna masa labarin a waya. Ya karanta a hankali har ƙarshe, ya mayar da wayar, ya hau tanka ya zauna. Ya yi zaton in ranar nan ta zo zai yi murna. Abin da ya zo masa kawai shi ne babu wanda zai je ya gaya wa a gida.

Bayan mako uku, wata Asabar da rana, mota ta tsaya a gaban injin niƙan. Likita tana gidan, don tun da labarin ya fito ta dawo da zuwa. Ita ta shigo da baƙin. Marubucin ya yi ƙiba, furfura ta fara fito masa a gefe. Yana tare da wata mata mai ɗaukar hoto da kyamara a wuya. Ya cire takalmi, ya durƙusa.

"Baba, tun da abin nan ya fito ban yi barcin kirki ba."

Direban ya nuna masa kujera. Likita ta kawo ruwa.

"Na yi kuskure, Baba. Mutumin nan ya yaudare ni. Kuma ba ni kaɗai ba, dukanmu muka zalunce ka, al'umma gaba ɗaya. Shi ya sa na ce dole in gyara. Ina rubuta littafi na biyu. Wannan karon kai ne tsakiyarsa. Duniya za ta san abin da aka yi maka."

"Na farkon fa?"

"Na'am?"

"Littafin farko. Za ka janye shi daga kasuwa?"

Marubucin ya gyara tabarau. "To, ka san wannan a hannun kamfanin ɗab'i yake. Sun ce za su sake buga shi da sabuwar gabatarwa. Kuma in ka duba, Baba, sai mutum ya karanta na farkon zai gane nauyin na biyun."

"Da babin?"

"Babin ai ya zama tarihi. In aka cire, kamar an ɓoye laifina ne."

Injin niƙan ya tashi, kofunan da ke kan tebur suka fara rawa. Suka jira har ya lafa.

"To ga abu ɗaya," in ji direban. "Jibi Litinin. Mu je makarantar ni da kai, lokacin da yara ke layi da safe, iyaye suna bakin get. Ka tsaya ka ce ƙarya ka yi mini. Minti biyu ya isa."

"Ƙarya kuma, Baba? Kalmar ta yi nauyi. Amma na fahimce ka. Abin da nake shiryawa ya fi wannan. Ranar ƙaddamarwa za a cika babban zaure, manyan mutane, 'yan jarida. Kai za ka zauna kusa da ni, a gaban kowa in nemi gafararka." Ya waiwaya yana duba ɗakin. "Mama fa? Ta fita ne? Ina so in gaishe ta, ban manta da karamcinta ba."

Likita ta tashi ta shiga ɗaki.

"Ta rasu," in ji direban.

"Innalillahi. Allah ya ji ƙanta." Marubucin ya sunkuyar da kai. Da ya ɗago, hannunsa ya riga ya shiga jaka. Ya fito da ƙaramin littafi, ya cire murfin biro da haƙori. "Yaushe, Baba? Rashin lafiya ta yi? Kana ganin abin nan yana da hannu a ciki?"

Direban ya dubi bakin biron a kan farar takarda. Ya ji labarin gaba ɗaya ya taso masa har wuya, wankin da take ninkewa, tambayar da ta yi, bakin murhun. Ya lura kuma mai hoton ta ɗan sunkuya tana saita kyamara a kan hannunsa na hagu da ke kan gwiwa. Ya ja hannun ya sa a ƙarƙashin riga, ya rufe bakinsa.

Marubucin ya yi tambaya ta kusa goma. Ya kira shi Baba, ya kira shi Baban Likita, ya ce ko kalma ɗaya. Direban bai ce uffan ba. Ya zauna yana kallon bango har suka gaji suka miƙe. Da yake baƙi ne, kuma haka aka koya masa, ya raka su bakin ƙofa. Marubucin ya kama hannunsa da hannu biyu ya girgiza, shi bai riƙe ba bai kuma fizge ba.

Bai je ƙaddamarwar ba. An aiko da kati har sau biyu.

Littafi na biyun ya fi na farkon tashe. Jaridu suka yi ta yabon marubucin, suna cewa ba kowa ke da ƙarfin halin fitowa ya ce ya yi kuskure ba. Wata ƙungiya ta ba shi lambar yabo. A shagunan littattafai aka riƙa ɗaure biyun a leda ɗaya.

Likita ce ta sayo ta kawo. Ta zauna a bakin gado ta karanta masa babin ƙarshe. Marubucin ya kwatanta ɗakin, da rawar kofuna, da bangon da ya tsage. Ya samo labarin rasuwar Maman Likita a wani wuri, ya rubuta shi shafi huɗu, har da kalaman da ya ce ta yi a gadon asibiti, alhali ba ta farfaɗo ba balle ta yi magana. Sannan ya zo kan shirun. "Dattijon bai ce mini komai ba," Likita ta karanta, "domin akwai yafiyar da ta fi ƙarfin baki. Ya raka ni har ƙofa, ya riƙe hannuna da hannun nan da na mayar abin tsoro, ya dube ni. A idonsa na ga ya yafe mini tun kafin in roƙa."

Ta rufe littafin tana share hawaye.

"Ban yafe ba," ya ce.

"Baba, ko ba komai dai an wanke ka. A wurin aiki kowa tambayarka yake. Sista babba ta ce in kawo ka su gan ka."

"Wa ya wanke ni?"

"Littafin mana."

"Wanda ya kashe ta ne ya wanke ni, Likita. Shi ya faɗi gaskiya. Da bai buɗe baki ba, da har yau ni ɗan kasuwa ne."

Kunya ta rufe ta. Ya ga ya soke ta, bai kuma ji daɗin hakan ba, amma bai janye ba.

Mutane suka fara zuwa. Biyu daga cikin tsofaffin maƙwabtan suka nemo gidan, suka zauna suna rantsuwa cewa su dama ba su taɓa yarda ba. Shugabar makarantar ta aiko da wasiƙa. Ta ce suna da direba yanzu, amma za su ji daɗi in zai zo ranar raba kyaututtuka ya yi wa yara jawabi a kan yafiya. A titi baƙin fuska sukan tare shi su ce Allah ya ba su zuciya irin tasa.

Wata safiya ya yagi takarda daga tsohon littafin Likita, ya zauna ya rubuta da hannunsa, harafi bayan harafi. Layi huɗu ne. Ya ce shi ne direban da ke cikin littattafan nan biyu. Ya ce bai ba marubucin labarin komai ba ranar da ya dawo. Ya ce matarsa ba ta faɗi abin da aka ce ta faɗa ba. Ya ce bai yafe ba. Ya sa rigarsa mai kyau, ya hau mota zuwa ofishin wata jarida, ya hau bene hawa biyu, ya jira awa ɗaya a kan benci har aka kai shi wurin editan shafin wasiƙu.

Editan ya gane shi nan take, ya miƙe ya ba shi kujera, ya kira abokan aiki biyu su zo su gaisa. Sannan ya karanta takardar. Ya sake karantawa. Ya cire tabarau ya murza ido.

"Baba, in ba ka shawara a matsayin ɗanka?"

"Ina ji."

"Kada ka fitar da wannan. Yanzu kowa ƙaunarka yake, ana kawo ka misali a makarantu. In wannan ta fita, za a ce dattijo ne mai riƙo, ko a ce wani ne ya zuga ka don a ɓata wa mutumin suna. Kai za ta ɓata wa, ba shi ba. Mutane sun riga sun san ka yadda kake."

"Yadda nake a ina?"

Editan ya yi murmushi kamar an yi masa wasa. Ya ninke takardar gida biyu, ya miƙa masa da hannu biyu, ya ce in yana so za su turo wakili ya yi hira da shi a kan yadda ya iya haƙuri duk shekarun nan. Kafin ya fita, ɗaya daga cikin ma'aikatan ta roƙi su yi hoto tare.

Ya sauko benen a hankali yana dafa bango. Da ya isa wurin ɗiban ruwa rana ta take, layinsa ya wuce, tanka bakwai suna gabansa. Ya cire rigar mai kyau ya rataye a bayan kujera, ya sa ta aiki. Wani direba ya leƙo ta taga ya ce, "A'a, ga mai babbar zuciya ya iso." Sauran suka yi dariya, ba da mugunta ba. Ya ɗaga musu hannu, ya tayar da injin, ya matsa gaba tsawon tanka ɗaya, ya kashe, ya ci gaba da jira.